Ramin da Sani Ya Haƙa a Gonar Gyaɗa

Lakwaya, daren Laraba, tsakiyar damina

Yau ƙanena Sani ya dawo daga Kano da buhun duwatsunsa, ko ɗaya bai sayar ba. Tun da ya yi wata uku a ramukan haƙar ma'adinai na jihar Nasarawa ba shi da zance sai litiyam, wai dutsen da ake batirin motar lantarki da shi, wai duniya rububinsa take yi. Da ya ga fararen duwatsu a gonarmu sai ya kafa diga a tsakiyar gyaɗa, tana cikin fure. Na ce ya bari sai kaka, ya ce, "Yaya, kafin nan an riga mu."

Dillalin da ya kai wa duwatsun a Kano ko gwadawa bai yi ba. Ya ce dutsen banza ne, kuma ko na gasken ma ya cika kasuwa, farashinsa ya faɗi.

Kunya bakwai na gyaɗa sun tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ni na aro masa digar. Da baki na hana shi, amma a zuci har na fara hango sabon kwano a kan ɗakina.

Inna ta zaɓi manya uku a buhun ta gyara murhunta. Ta ce, "Ko ba komai, sun ɗauki tukunya."