Maganin Hawan Jini Ya Fitar da Ni Daga Sahu

Malama, a taimaka mini, don maganar nan ko uwargidana ban iya faɗa wa ba.

Ni dattijo ne a wani ƙauye wajen Makoda, ni nake jan salla a masallacin unguwarmu tun gemuna yana baƙi. Bayan cirar gyaɗa 'yata Sadiya ta ja ni asibiti, aka ce hawan jini ne, aka ba ni wata 'yar ƙwaya, ba ta kai ƙwayar dawa ba. To, ƙanƙantarta ta ruɗe ni. Tun da na fara sha na zama abokin buta. Ran nan ana azahar fitsari ya ci ƙarfina a ruku'u. Na riƙe hanci kamar mai haɓo, yadda malamanmu suka koya mana don sutura, na jawo ladan Hashimu gaba, na fice. Yanzu duk gari ya ɗauka haɓo nake yi. Wannan ya kawo saiwa, wancan ya kawo turare, ni kuwa sai godiya nake ina sunkuyar da kai.

Na daina shan ƙwayar. In Sadiya ta tambaya na ce ina sha. Ga shi ƙeyata ta koma sarawa, jiya har jiri ya zaunar da ni a kan kunyar gona. In koma magani in rasa limanci, ko yaya?

Dattijo mai riƙe hanci

Baba Liman, Allah ya ƙara sutura. Kunyarka tana da dalili, ba wanda zai so haka a gaban mamu. Amma abin da ya faru aikin magani ne, ba gazawarka ba. Wasu magungunan hawan jini ta fitsari suke rage ruwan jiki. Daina sha kuwa shi ne haɗarin, don jinin da ya hau shiru yana iya shanye ɓarin jiki.

Gobe, ba jibi ba, ka koma asibiti a auna ka. Faɗa wa likita abin da ka faɗa mini. Ya ji irinsa da yawa. Zai iya sauya lokacin sha, ko ya sauya maganin. Kafin nan bar wa Hashimu gaba. Sadiya kuma a gaya mata gaskiya, ita ce mai raka ka.

Jama'arka za su iya haƙurin 'yan kwanaki a bayan ladan. Abin da ba za su so ba, su yi sahu kana kwance a gabansu. Allah ya ba da lafiya, Baba.