In'inar Yaya

Auta,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mun je mun kalli fim ɗin da kuka yi kan rayuwar marigayi yayanka mai zane. Rigarsa mai dabbaren fenti da ka ara ta zauna maka, har yadda yake cizon gindin burushi ka iya. Amma in'inar nan, Auta! Wurin da ya kai wa mai otal zanensa, "barka da rana" ta maƙale masa, zauren nan kaf ya kwashe da dariya. Babban ɗansa ya tashi ya fice. Ni kuwa mayafi na ja na rufe fuska har aka kunna fitilu.

Ka aiko min da rigar. Ka huta lafiya.

Matar yayanka

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya yaran? Na so in ce laifin darakta ne, amma ƙarya zan yi. Babu in'ina a labarin da aka rubuta. Muna hutun cin abinci na kwaikwayi in'inar marigayi don masu kyamara su dara. Darakta ya ajiye cokali ya ce, "Yawwa, abin da fim ɗin ya rasa ke nan!" Ban musa ba. Ranar da aka haska, da na ji dariyar nan, wallahi daɗi na ji, sai da na waiwaya na ga kujerar yaron babu kowa.

Na roƙi a yanke wurin, an ce bakin alƙalami ya bushe, fim ya shiga wayoyi. Jiya wani mai shago ya tare ni yana "ba-ba-barka", yana jira in ƙarasa masa. Ko sayayyar ban yi ba.

Ga rigar nan, ban wanke ba. Ba ni da idon haɗawa da ke.

Ƙaninki, Auta

Auta,

Muna lafiya, riga ta iso. Ƙaramar 'yarsa, wadda marigayi ya bari a goye, ta ga fim ɗin a wayar maƙwabta. Tun ranar take tambayata ko haka muryar babanta take. Na ce kusan haka.

Ka zo ran Asabar ka yi mata maganarsa irin ta cikin gida. In kalma ta maƙale, za mu jira ka yadda muke jiransa. Babban ɗan dai ya ce ba za ka same shi ba.

Sai ka zo.

Matar yayanka