Malam Ya Ce Noma Ba Motsa Jiki Ba Ne

Assalamu alaikum, Hajiya. Ki gafarce ni da zan ci miki lokaci, na san akwai waɗanda damuwarsu ta fi tawa. Karatun allo na yi, ban iya tsara wasiƙa ba, amma ina neman taimako.

Maigidana yana da ciwon suga irin na allura tun yana saurayi, da shi na aure shi. Maganin ma a gindin randa nake ajiye masa don sanyi. Da can 'yan ƙwadago yake ɗauka su yi masa noma. Yanzu kin san halin da ake ciki, Malam da kansa yake riƙe fartanya.

To, a asibiti aka ce ya riƙa motsa jiki. Shi kuwa ya kafe cewa noma aiki ne kawai, motsa jiki sai irin na mutanen birni. Har wando mai roba ya samo a gwanjo. Daga sallar asuba ya yi allura, ya kama sassarfa zuwa bakin rafi, awaki na watsewa, sannan ya zarce gona, sau da yawa ko koko bai sha ba. Ni kuma don gudun alhaki na kwashe suga da dabino daga gidan, ko na baƙi ban bari ba.

Ranar Talata ya zube a cikin gero, gumi na zuba, jiki na rawa, yana magana ba kai. Na ɗauka iska ce, na hau tofi. Maƙwabciyarmu Hure ta jiƙa suga a ruwa ta ba shi, ya dawo hayyacinsa. Tun ranar gaisuwarmu da ita sama-sama, ina ganin ta ba shi abin da aka hana. Shin ta cuce shi? In kuma na hana shi gona, me za mu ci? Don Allah ki amsa da wuri, ga noman maimai ya matso.

Matar Malam, daga wajen Shanono

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Da farko ki saka mayafi ki je ki gode wa Hure. Suganshi ne ya sauka ƙasa ƙwarai, kuma ga mai allura wannan yana iya kisa. Niyyarki mai kyau ce, tofinki ma Allah ya karɓa, amma a ranar ruwan sugan ne maganin.

Asibiti suna da gaskiya cewa motsa jiki yana taimakon mai suga. Sai dai ki gaya wa Malam a hankali, mutanen birnin nan da yake kwaikwayo, da za a ba su fartanyarsa, kafin hantsi sun nemi inuwa. Nomansa ya wadatar. Wandon a ninke shi sai rani.

Kada ya fita bai karya ba, kuma kullum a samu dabino ko suga a aljihunsa. Da ya ji rawar jiki ko gumi mai sanyi, ya ci, ya zauna, sannan ya bi da abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Sugan kan sauka ko bayan an tashi aiki, saboda haka ki sa masa ido har dare. Kada ya daina allura ko ya rage da kansa. Ku koma wajen likita tare, ku faɗa masa yanzu Malam ne ɗan ƙwadagon kansa, ya daidaita masa ita, ya nuna muku lokutan awon suga.

Dabinon da kika kwashe kuwa, dawo da shi. Allah ya ba Malam lafiya, ya cika muku rumbu.