Taurari Uku a Kan Sunan Baba

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka.

"Yaya, ki riƙe shagon tasha, ni in riƙe na gida. Wallahi ba za ki taɓa jin kunya a kan sunan Baba ta dalilina ba." Kai ka faɗa, ranar da muka raba shagunan wanki da gugan nan biyu, kana kuka har da majina. Takarda na rubuto tunda kirana ya zama dodo, ba ka ɗauka.

Ga abin da ya faru, don na san ba ka karanta komai sai sakamakon ƙwallo. A da, in mutum ya nemi wurin wanki a wayarsa, shafin bincike kan nuna kowane shago da taurarin da masu kaya suka ba shi. Nawa huɗu da ɗigo takwas, gumin shekara goma sha ɗaya. Farkon watan nan suka canja tsari: duk shagunan da ke da suna ɗaya sun zuba su a tukunya guda. Tunda duk sunan Baba ne a kan shagunanmu, taurarinka biyu sun shanye nawa, yanzu uku muke da su, can ƙasan shafi inda yatsa ba ya kaiwa. Otal ɗin da nake wanke wa zannuwan gado ya janye. Masu gugata huɗu suna zaune suna kallon dutsen guga yana hucewa.

Na rubuta wa masu shafin, na'ura ta amsa min da godiya. In na canja suna, sharhin shekarun nan duka ya bi ruwa, na koma sabuwar shiga. In na bar shi, ka nutse da ni. Gaba kura, baya sayaki.

Na karanta ƙorafin da ake yi a kanka, ɗaya bayan ɗaya. Ba gugarka suke zagi ba. "Matar da ke karɓar kaya ta ba ni wandon wani." "Sau uku tana tambayata sunana." Wace ce wannan? Dangin matarka ce? Ka sallame ta.

Ka huta lafiya, in za ka iya.
Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na ga saƙonki.

Ba zan iya sallamarta ba. Inna ce.

Likita ya ce mantuwa ce, irin wadda ba ta komawa baya. A gida kwanciya take yi, fuska ga bango, ba ci ba magana. Wata safiya ta biyo ni shago, ta zauna a tsohuwar kujerarta, ta ɗauki allura. Kin san tsarin Baba: babu takarda, kowane mai kaya da launin zarensa a cikin wuyan riga. Shekara arba'in ita ke ɗinkawa. Hannun bai manta ba, launukan ne ke cakuɗe mata. Ina bin bayanta ina warwarewa, amma ni kaɗai ne, ga injin wanki ga guga.

Ranar Lahadi da kike zuwa gida da ledar lemo, ƙarfin mako guda take tattarawa don awa ɗayan nan. Ta rantsar da ni kada in gaya miki. Ta ce, "Waccan? Asibiti za ta kai ni, ta zauna tana karanta min ciwona a littafi."

Yaushe rabonki da shagon nan, Yaya?

Ki yi haƙuri.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa.

Jiya na tsaya a tsallaken titi, daura da shagonka. Na gan ta ta fito ta share bakin ƙofa, ta ɗaga kai tana karanta sunan Baba a allo, leɓenta na motsi. To, allon ba zai sauka ba, nan ko can. Kun ɗaure ni, kai da ita da wancan shafin da ba shi da fuskar da zan zaga.

Amma kada ka ɗauka na huce. Uwata ce kamar yadda take taka. Ka bar baƙi suna yanke mata hukunci da tauraro ɗaya, duniya na karantawa, ni ma na bi sahunsu ban sani ba. Wannan ba zan yafe maka da wuri ba.

Ina da mutum huɗu da ba su da aiki. Ɗaya za ta zauna kusa da ita tana miƙa mata zaren da ya dace, kamar hira suke yi. Taurarin su dawo ko kada su dawo.

Na ba ka zuwa ƙarfe goma sha biyu na ranar Asabar ka kawo min ita, da kujerarta, da gwangwanin zarenta. In lokacin ya wuce, zan zo da motar kai kaya in ɗauke su duka uku a gaban masu kayanka.

Ka gaya mata ba zan zo da littafi ba.

Yayarka