Tulun Tokar Mihran

Daga Rabenna, zuwa ga Gwaggo Farnush a Arzan.

Gaisuwa da ban girma, da fatan sanyin duwatsu bai matsa miki ba. Ni ce Roshanak, 'yar ƙaninki Mihran, wanda Rumawa suka tafi da shi yana shekara tara, ranar da suka tuɓe kakanku daga sarauta. Ya rasu a farkon girbin zaitun. Shekara hamsin ya yi yana koya wa 'ya'yan manya hawan doki, ba a taɓa barinsa ya kwana a wajen gari ba. Mun ƙona gawarsa yadda ake yi a nan. Tokar tana cikin tulun da Sabinus, falken mai, zai kawo miki. Ina roƙon a sa shi a kogon sarakuna, kusa da mahaifinsa.

Ki huta lafiya.

*

Roshanak, na amsa gaisuwa.

Ƙonawa fa kika ce? A gidan nan wuta abar tsarki ce, ko numfashi ba a yi mata sai an rufe baki, ke kuwa kin ɗauki gawa sukutum kin ɗora mata! Hawan doki ya koya wa 'ya'yan wasu, tasa 'yar ya bar ta a Barumiya. Masu tsaron wuta sun ce abin da ya ƙazantar da wuta ba ya shiga kogo. Tulun yana ɗakin ajiya tare da na mai. Raina ya ɓaci.

Sai wata rana.

*

Gwaggo, gaisuwa irin ta ɗiya.

Na san hukuncin wuta, mahaifina ne ya koya mini. Shi kuma ya ce a ƙona shi. Na yi gardama, ya ce, "Ke, gwamna ba zai bar gawar jikan sarki ta fita ba, kar a taru a kanta a yi bore. Amma wa zai leƙa tulun mai? Farnush za ta zage ni. Ƙyale ta, tun ina rarrafe take yi."

Gida yake so, Gwaggo, kuma babu wata hanyar.

Ranki ya daɗe.

*

'Yata, gaisuwa.

Masu tsaron wuta suna kan bakansu. Na zagi Mihran kwana uku, sannan na ɗinke tokar a cikin matashin kaina. Na tsufa, kogon nan na kusa shiga, kuma da matashina za a kai ni. Su ma ba sa leƙa matashin tsohuwa.

Ki aiko mini da labarin yadda tsufa ya yi masa. Ni yaro na sani.

Gwaggonki.