Kunnen Hagu da Faifai na Uku

Litinin, 3 ga Maris

Sabon injin haɗa kiɗa ya iso. Manaja ya kira ni hol ɗinmu na taro da rana tsaka kamar gobara ta tashi, na je na tarar da shi tsaye a kan kwali yana washe baki. Faifai huɗu! Ni da na yi shekara da shekaru ina haɗa kiɗa da biyu, wannan na ƙarewa wancan na shiga, yanzu an ce in ɗora waƙa uku ko huɗu lokaci guda. Ganga daga nan, murya daga can, tafi daga wani wurin, duk su tafi tare. Wai hol ɗin tsallaken titi sun ɗauko wata mai yin haka, masu taro duk can suke tururuwa. Manaja ya ce, "DJ, in ba za ka iya ba ka faɗa min tun yanzu." Ni? Na ce ya ba ni zuwa Asabar. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Laraba, 5 ga Maris

Sabon inji, amma an sayar wa Manaja da ruɓaɓɓe.

Ni dai tun da na fara aikin nan hedifon a kunnen dama nake ɗora shi ina jin waƙar da za ta shigo, na hagu in bar wa hol. Da faifai uku hakan ba ya yiwuwa. Dole ka rufe kunne biyu, injin ya raba maka: abin da jama'a ke ji ya zo ta hagu, abin da kake shiryawa ya zo ta dama. Na danna. Dama ras, hagu tsit. Na ari hedifon ɗin Manaja, shi ma haka. To ramin da ake sokewa ne ya lalace. Na zazzage wa mai shagon da ya kawo shi ta waya har sai da ya kashe.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai gyara ya zo. Ya sa hedifon, sai ga shi yana kaɗa kai. "Oga, ai duka biyun suna yi. Ƙarar ma ta yi yawa." Na ce kar ya raina min hankali. Bai yi musu ba, ya ɗora min a kai, hagu tsit. Sai ya cire ya juya shi, na hagu ya koma dama. Wanda ya yi shiru ɗazu ya kama kiɗa. Wanda ke kiɗa ya mutu.

Na kalle shi. Na ce mura ce ta toshe min kunne. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tattara sukundireba ɗinsa. Ni da rabona da mura tun bara.

Juma'a, 7 ga Maris

Na sosa kunnen da auduga har ya yi ja. Babu komai a ciki.

Asabar, 8 ga Maris

Innalillahi. Taron yaye ɗalibai ne, da la'asar, hol ya cika. Na koma yadda na saba, dama a hedifon, hagu a waje, na ɗora biyu suka zauna daram. Sai na ce bari in nuna wa Manaja. Na shigo da na uku, muryar mawaƙiya zalla, ba ganga. Ina ta murmushi, ina ɗaga hannu sama.

Ƙafafun mutane ne suka faɗa min. Na ga sun fara harɗewa, wasu sun tsaya, wata dattijuwa ta toshe kunnuwa da tafin hannu. Ashe muryar ta zame tuni, tana gudu ita kaɗai, ganga na bin ta a baya kamar mai neman akuyarsa. Kowa a hol ɗin ya ji, har mai gadi. Ban da ni da ake biya don in ji.

Manaja bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kasa riƙewa, na faɗa wa Maman yara tana guga. Na ɗauka za ta saki dutsen gugar. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yanzu ka sani?"

Wai tun ina goyon Auta a kafaɗa ta lura. Wai ban ga kullum ta damana take zagayowa in za ta yi magana ba? Ban ga yara na rububin kujerar dama a wurin cin abinci ba? Har da Inna, in ta zo gidan, ta dama take zama. Gida guda an yi min taron dangi, ana ta zagaya ni kamar rijiya! Na ce me ya hana a faɗa min. Ta ce ta faɗa, na ce mata kunnena ne ke ciyar da gidan nan, na bugo ƙofa na fita. Ban tuna ba. Amma ya yi kama da ni.

Talata, 11 ga Maris

Asibiti. An rufe ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, an ce in ɗaga yatsa duk lokacin da na ji ƙara. Ta hagu na zauna yatsana a cinya kamar ɗalibin da bai yi karatu ba.

Na tambayi likitar, to yaya aka yi nake haɗa biyu daidai duk shekarun nan? Ta ce gangar ba jin ta nake da kunne ba, ta ƙasa take shigowa, ta tafin ƙafa da ƙirji da teburin da nake dafawa. Murya kuwa ba ta girgiza ƙasa. Kenan tuntuni da ƙafa nake aiki ban sani ba.

Sai ta nuna min zanen sakamakon gwajin na dama. Shi ma ya fara gangarowa. Ta ce na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama kuma, in na ci gaba da tsayawa gaban waɗannan sifikun, zai bi ɗan'uwansa. Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Laraba, 12 ga Maris

In na bar hol me zan yi? Ban iya komai ba. Ko ƙusa ban iya bugawa a miƙe ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na samo dabara. A tura duka waƙoƙin cikin kunnen dama, a ƙure ƙara don in rarrabe su, sauran in bi zanen da ke gudu a fuskar injin da ido. Na gwada, ya yi. Kaina na sarawa, amma ya yi. Manaja ya ce gobe ce ta ƙarshe, in aka sake abin kunya zai nemi wani. Maman yara ta ga ina goge hedifon, ta ce, "Baban yara, ɗaya fa ya rage maka." Na ce na iya lissafi.

Asabar, 15 ga Maris

Na ɗora huɗu. HUƊU. Tunda nake ban taɓa ganin hol ya tashi haka ba, har masu raba lemo suka ajiye tire. Na ji kamar in yi kuka don daɗi, wallahi.

Da na kashe inji Manaja ya rugo ya rungume ni. Bakinsa na motsi. Yana ta motsi, yana dariya, yana dukan kafaɗata. Ni ba abin da nake ji sai wani fito siriri, fiiii, a dama. Na juya masa kunnen da kyau. Babu. Mutane na tafi, ina ganin hannaye na haɗuwa ba sauti.

Na tuƙo gida rana ba ta gama faɗuwa ba, wata mota ta kusa kwashe ni a mahaɗa. Ƙila direban ya yi hon.

Lahadi, 16 ga Maris

Auta ta tsaya a damana tana magana. Na gyaɗa mata kai. Ban san me na yarda da shi ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Talata, 18 ga Maris

Jina ya fara dawowa jiya da hantsi, kamar ana magana daga cikin randa. Yau ya fi.

Manaja ya turo saƙo, wai an kama Asabar uku a jere saboda ni. Na rubuta masa cewa ba ni da lafiya wannan satin. Wannan satin kawai na ce. Hedifon kuma na sa shi a saman sif ne don kar yara su lalata.

Da azahar Maman yara ta tarar na bar famfo a buɗe, ya cika tsakar gida. Wai ƙarar ruwan har maƙwabta. Ta fara faɗa daga kicin, ta haɗo da takalmina da nake bari a bakin ƙofa, da taurin kaina, da na dangina kaf. Da, kafin ta kai rabi na ɗauki makulli na fice. Yau na jawo kujera na zauna, na juya mata dama. Ashe in ta kusa kai ƙarshen faɗa muryarta rawa take yi. Ban ce mata komai ba, kar ta yi shiru.