Wurare Bakwai da Ban Tsaya Ba

Highbridge, Bronx
9 ga Afrilu, 2017

Zuwa ga Hajiya Zaituna, Maman Najat, sanyin idona, inuwar da na fake a cikinta shekara talatin da shida, ruwan randata ranar da garin nan ya yi zafi kamar tanda. Sallama gare ki, mai yawa, daga tsohon direban tasi da kika bari shi kaɗai da bangaye huɗu. Ina fata sanyin Buffalo ya sassauta wa gwiwoyinki.

Wata shida ke nan, Zaituna! Wata shida ina tashi da asuba babu ƙamshin gahawarki, wadda kike jefa wa kanumfari uku da ɗan citta. Na gwada dafawa da kaina. Kanumfarin ɗaya ne, tukunyar ita ce, amma abin da ke fitowa ko maƙiyi ba a ba shi. Na koma sayen ta shagon ƙasan bene, a kofin takarda, ina sha a tsaye yadda na saba shekara ashirin da tara a kan titi. Sai yanzu na lura, a duk tsawon aurenmu ban taɓa zama na shanye gahawarki a gabanki ba. Ki zuba a filas, in sure, in sauka da gudu.

Kin tuna safiyar da muka kama hanya? Ni kam ba ta barina in sake. Mun yi ritaya tare, ni daga tasi, ke daga jinyar tsofaffi a gidajensu, na kuma yi miki alkawarin zan kai ki ki ga ruwan Niagara, mu sauka wurin autarmu Najat a Buffalo. Kin ɗaura gyalenki mai ruwan zuma, kin yi kyau kamar hantsi bayan ruwan sama. Kin naɗe kofunan tangaran guda biyu a tawul, kin rungume filas a cinya. A bayan wani tsohon ambulan kin rubuta wurare bakwai da wata tsohuwa da kika yi jinya ta ba ki labarinsu: gonar tuffa, bakin wani tafki, wani tudu da ake hango ganyen kaka ya yi ja kamar lalle. Burinki ɗaya ne, mu tsaya, mu zauna a kan ciyawa, mu sha gahawa muna kallon abu guda tare.

Me na yi? Wayyo ni, Muniru! Tun a ƙofar gida na buɗe miki ƙofar baya, kamar fasinja, kika yi dariya kika zagayo gaba. Da ina da hankali, da wannan dariyar ta farkar da ni. Amma hali zanen dutse. Ina riƙe sitiyari sai tsohon direban nan ya tashi a jikina, wanda bai san komai ba sai ya kai mutum da wuri ya juyo. Kika nuna gonar tuffa, na ce gaba kaɗan akwai wadda ta fi ta. Kika nuna tafki, na ce mun riga mun wuce mahaɗar. Da na ji ƙishi, na miƙo miki kofin takarda ba tare da na dube ki ba, kika cika mini, na sha da hannu ɗaya. Daga wuri na huɗu kika daina nunawa. Ni kuwa, wawan Allah, na ɗauka barci ne ya ɗauke ki.

Muna isa na fito ina bugun ƙirji a gaban mijin Najat, wai awa shida da rabi, tsayuwa ɗaya tak ta shan mai da salla. Na ga lokacin da kika ciro kofunan nan biyu daga jaka, har yanzu a naɗe, a bushe, kika miƙa wa Najat kika ce ta ajiye a kabad. Ba ki ɗaga murya ba, ke da ma ba halinki ba ne. Ranar komawa kika ce za ki ɗan ƙara kwana biyu saboda jikoki. Na dawo ni kaɗai cikin awa shida cif, kuma ban sami wanda zan yi wa alfahari ba.

Ina laifin tafkin nan da na ƙi shi? Wa yake jirana? Wace mita ce take gudu? Na kai dubban baƙi inda suke so, na jira su a bakin shago, na jira su a bakin asibiti, amma matar da ta wanke mini kaya, ta haifa mini 'ya'ya, na kasa ba ta minti goma a bakin ruwa. Na cuce ki, hasken gidana. Ina jin kunya, ina kuma jin kewarki har cikin ƙashina.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ga abin da ban faɗa miki a waya ba. A watan Fabrairu likitan ido ya auna ni, ya ce gefen ganina yana rufewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya hana ni tuƙi. Motar tana nan a bakin titi, Abdulai maƙwabcinmu ne yake matsar da ita ranar sharar titi da makullin ajiya, ni ina tsaye a gefe kamar ɗan kallo. Na so in zo in ɗauko ki, in bi da ke ta wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, in rama abin da na ɓata. Allah bai nufa ba. Da-na-sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi nauyi.

Saura abu guda da zan roƙa. Kina da lasisin tuƙin da kika ci tun shekara goma sha biyu da suka wuce, wanda na yi ta tsokanarki a kansa, ina cewa kunkuru ma zai ba ki hanya, har kika jefa shi a jaka kika daina zancen. Ki yafe mini wannan ma. Ki dawo, tauraruwata, tun ina iya ganin abin da ke gabana. Ki zauna a kujerata, ni in zauna a taki, in riƙe filas. Ki yi tafiyar kunkurun, ki tsaya inda ranki ya so, wallahi ba zan dubi agogo ba. In kuma zuciyarki ba ta huce ba, ba zan ga laifinki ba, zan jira, ko da jiran zai fi idanuna tsawon rai.

Abin da kika ji yana da nauyi a ƙasan ambulan ɗin nan makullin motar ne. Tun da nake ban taɓa miƙa wa wani nawa ba.

Naki, jiya da yau, har ranar da za a sa ni a makara,
Muniru